Kwashe Gidan Mama Munira

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Na samo wannan littafin a cikin kwalayen marigayi mijin Mama. Da can yana sayar da kayan makaranta a kasuwar Batha, ya rasu ya bar littattafan rubutu kwali-kwali ba a taɓa buɗe su ba. Na saman sun jiƙe da ruwan 'yan kwana-kwana, na tsakiya lafiyarsu ƙalau. Tun ajin yaƙi da jahilci a Tasawa ban ƙara rubuta abin da ya wuce saƙon waya ba. Amma kwana uku ke nan ban buɗe baki na yi magana da mutum ba, kaina ya cika.

Sunana Zouera. Na rubuta ne don in gan shi da idona, tunda shekara goma sha ɗaya Mama Munira, wadda nake wa aikin gida, tana kirana Zahra, har na saba amsawa.

Ranar Alhamis da hantsi wuta ta tashi a ɗakin Mama na sama. Tana asibiti, hannuwanta biyu sun ƙone, hayaƙi ya shiga ƙirjinta. Sun ce za ta rayu. Ni kaɗai ce a gidan nan na unguwar Shumaisi a Riyad, ina ɗakina na kusa da kicin. An yanke lantarki, sai waya ɗaya da Abdu, mutumin Yaman mai baƙala, wato kantin da ke kallon ƙofarmu, ya jawo min ta taga don fanka da cajin waya.

Ban je asibiti ba. Ba a ce in je ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, da azahar

Mansur ya zo. Shi kaɗai ne ɗan Mama, shi ne kafilina, mai tsaya min a wurin hukuma, sunansa ke kan iƙamata, takardar zamana a ƙasar. Rabon da ya taka cikin gidan nan tun ƙaramar sallah. Ya tsaya a tsakar gida ya toshe hanci da gefen shimaginsa, ƙyallen nan da suke yafawa a ka, yana kallon tarin kayan da suka cika barandar har sama kamar yau ya fara ganinsu.

Ya ce gidan yana da ta'amin, wato inshora. Mutanen kamfanin sun zo ranar Asabar suka ga ba hanyar shiga ɗakunan, suka koma. Wai ana shirin kafa wata doka: duk gidan da aka yi watsi da shi har ya zama juji, in ya ƙone, ba za a saki kuɗin ta'amin ba sai mai shi ya kwashe sharar, baladiyya, hukumar gari, ta zo ta gani da idonta. Ya ce ba a sa hannu ba tukuna, ana ta magana ne, amma kamfanin sun riga sun kafa masa wannan sharaɗin. Mai dubawa zai dawo nan da mako uku.

"Kome da kome, Zahra. Kada ki bar ko cokali a sama."

Na ce, "Kayan Mama fa, ranka ya daɗe? In ta dawo za ta nema."

Ya kalle ni. Sai ya ce wutar nan lantarki ne, wayoyin gidan sun tsufa, abin da ya gaya musu ke nan, ni ma abin da na sani ke nan. Sannan ya nuna sama da hannu ya ce ƙofar ɗakin da aka ɓalle ita za a fara fitarwa.

Bai tambaye ni inda nake da safiyar gobarar ba. Na tsaya ina jira ya tambaya har ya shiga mota.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan asuba

Na tashi na ɗora shayinta, kofi biyu. Sai da na zuba na tuna.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Yau na ji Hausa.

Mansur ya turo babbar mota da ma'aikata biyu 'yan Bangladesh. Direban ya sauko yana waya, na ji yana cewa, "To, ka bari in na sauke zan kira ka." Ban san lokacin da na ce masa sannu da zuwa ba. Ya juyo ya buɗe baki, "A'a! Hajiya, 'yar ina ce?" Sunansa Buraima, mutumin Damagaram ne, dattijo mai furfura a gemu, yana kwana a masaukin kamfaninsu a unguwar Sulay. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su.

Shi ma ya ji zancen dokar. Ya ce watan nan bai huta ba, masu tsofaffin gidaje duk sun tsorata, kowa na neman mota. "Gidan da shekara ashirin ba wanda ya leƙa, Hajiya, yanzu 'ya'ya sun tuna hanyarsa. Ko za a yi dokar ko ba za a yi ba, ni dai bayana ya riga ya ji a jikinsa."

Na yi dariya. Na ji muryata wani iri a tsakar gidan.

Sun fara da ƙofar. Su biyu suka sauko da ita ta matakala, Buraima yana gaba yana cewa a hankali. Da suka zo wucewa ta gabana na ga idonsa ya sauka a kan abin da ke rataye a jikinta. Ya kalle shi, ya kalli sama, ya ce da yaransa su juya ta ɗayan gefen. Na shiga kicin.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ba aiki yau. Masallatai suna ta karatu. Na share ɗakina sau biyu.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Mota huɗu aka cika, gidan kamar ba a taɓa shi ba.

Mama ba ta yar da kome. Tun kafin rikicin tsufa ya kama ta haka take, da ya kama ta shekara shida da suka wuce sai abin ya ƙaru. Jaridu ɗaure da igiya har suna taɓa silin. Dardumai a naɗe, asu ya cinye cikinsu. Gwangwanayen man shanu, rediyo biyar babu mai magana, dabino na shekarun da ban ma zo ƙasar nan ba, ya zama baƙi kamar kwalta. Hanyar zuwa gadonta siririya ce, sai mutum ya bi ta gefe.

Yau muka kai ga buhunan leda. Kowace leda an naɗe ta ƙarama mai kusurwa uku. Ɗaya daga cikin 'yan Bangladesh ɗin ya ɗebo ya nuna wa ɗan uwansa suna dariya, yana kaɗa yatsa a gefen kansa, wai mahaukaciya ce. Ni na naɗe su. Kullum bayan la'asar muke zama a tabarma ni da ita, ta miƙo, in naɗe, ta ƙirga da yatsa ta manta ta sake farawa. In hannunta yana aiki ba ta kuka, ba ta neman mijinta. Shi ya sa.

Na riƙe musu bakin buhun.

Talata, 14 ga Oktoba, da azahar

Haoua ta aiko saƙon murya daga gida. Ita kaɗai ce ƙawata a Riyad, shekara tara tana aiki a wani gida a Suwaidi, ta tafi ke nan ba dawowa. Ta ce ta sauka lafiya, ta kai wa Rahina saƙona hannu da hannu.

Can kuma ga hoto daga Rahina. 'Yata ce, haihuwarta ta fari. Ta naɗe jaririn a cikin farin tawul ɗin da na aika, ta rubuta, "Inna, ƙamshin turarenki ya cika ɗaki."

Na kife wayar. Har yanzu ban sake buɗe hoton ba. Yaron bai yi min laifin kome ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan magariba

Mun ci abinci da Buraima a zaure, shi a bakin ƙofa ni daga ciki. Ya kawo shinkafa daga gidan abinci, na yi miyar kuka da ɗan garin da ya rage min. Ya ci yana lumshe ido, ya ce rabonsa da ita tun Ramadan.

Ya tambaye ni ko na taɓa gaya wa mai gidan halin da gidan yake ciki. Na ɗauko waya na nuna masa. Saƙonni ne na murya da Larabcina na kicin, tun shekara huɗu baya. Ranka ya daɗe, kaya sun yi yawa. Ranka ya daɗe, Mama tana kunna gawayin turare da kanta, ina ɓoye ashana tana nemowa. Ranka ya daɗe, ni kaɗai ba zan iya ba, a ƙaro mutum ko na yini ɗaya a mako. A ƙarƙashin kowanne ya sa hoton babban yatsa.

Buraima ya ce, "Hajiya, kada ki goge waɗannan. In abu ya juya, su ne shaidarki."

Na ce, "Shaidata a kan me, Malam Buraima?"

Ya suɗe hannunsa. Sannan ya ce, "Ni dai direba ne. Abin da aka ɗora min shi nake kaiwa juji."

Da ya tafi na zauna a wurin har aka kira isha'i. Gidan yana wari har yanzu, warin jiƙaƙƙen toka. Ya shiga zannuwana, ya shiga gashina. Ko na yi wanka yana nan.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Mansur in tambayi jikin Mama. Ya ce da sauƙi. Na ce tana cin abinci? Ya ce akwai masu kula da ita. Na ce ba ta son abu mai zafi, sai an fifita mata, kuma in an ba ta da sauri tana ƙwarewa. Ya ce, "An gama ɗakunan sama?"

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na shiga baƙalar Abdu. Tun ranar gobarar ban shiga ba, burodi yake ajiye min a bakin ƙofa ya buga ya tafi. Shi ne ya ga hayaƙin, ya haura katanga, ya hau sama ya ɓalle ƙofar da ƙarfen taya, ya goyo Mama ya sauko da ita. Har yau akwai bandeji a damtsensa.

Na je in yi masa godiya. Na shirya kalmomin tun safe. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ne, ba shi ba. Ya ce 'yan kwana-kwana sun tambaye shi, ya ce musu shi hayaƙi kawai ya gani. Yana magana yana jera kwalaben ruwa a firji, bai juyo ba.

Har na kai bakin ƙofa sai ya ce, "Ya Zahra."

Na tsaya.

"Ba don in ɗora miki ba. Amma ina jin abin a kunnena, ban san wa zan gaya wa ba. Da nake dukan ƙofar, ba ihun wuta take yi ba. Sunanki take kira."

Ban san yadda na tsallaka titin ba.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Ba zan iya cin kome ba.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan asuba

To, bari in rubuta. Mako biyu ke nan ina kewaye shi.

Kwaɗo ne a jikin ƙofar, ta waje. Ni na sa shi. Mansur ne ya sayo shi shekara biyu da suka wuce, bayan ranar da Mama ta fita ba takalmi aka tsince ta kusa da asibiti. Ya ce in zan je baƙala in kulle ta a ɗaki. Baƙala minti biyar ce. Haka nake yi, ba abin da ya taɓa faruwa.

Ranar Alhamis ɗin ba baƙala na je ba. Haoua za ta tashi da yamma, ita kaɗai zan iya ba saƙon jikana. Na yi wa Mama wanka, na ba ta kumallo, ta kwanta. Na ce mata zan je baƙala in dawo yanzu. Na duba ƙarƙashin matashi, na duba aljihunta, ban ga ashana ba. Na datse kwaɗon na sa makullin a lalitata, na tari tasi zuwa Suwaidi. Na ce awa ɗaya.

Haoua ta dafa shayi. Muka zauna a ɗakinta a kan akwatuna, ta ba ni labarin gidan da take ginawa, muka yi ta dariya har da hawaye. Shekara shida ban zauna a ɗakin wani na sha shayi ba tare da kunnena yana wani wuri ba. Na duba agogo na gani, na ce bari in ƙara kaɗan. Wannan shi ne abin. Ba cunkoson hanya ba ne, ko da yake an yi cunkoson. Na gani, na ƙara zama, don daɗi nake ji.

Da na dawo titinmu cike yake da jajayen motoci.

Kaskon turarenta na tsinta a gindin gado washegari. Na wanke shi na sa a kicin. Ba lantarki ba ne.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da azahar

Na ɗauka in na rubuta zan ji sauƙi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Rahina ta kira, ta ce me ya sa muryata haka. Na ce mura ce. Ta kara min wayar a bakin yaron in ji numfashinsa. Sun sa masa Hamissou, sunan mahaifinta.

Ina ta tunanin ranar da mai dubawa zai zo. In ya tambaye ni zan faɗa. In na faɗa, Mansur ya rasa kuɗinsa, ni kuma ban san inda za a kai ni ba, wata da na sani an riƙe ta wata bakwai a kan abin da bai kai wannan ba. In ban faɗa ba, an share gida an share magana, kowa ya huta. Har na iya jerin kalmomin da Larabci. Ana gaffaltul bab. Ni na kulle ƙofar. Ina faɗa ina wanke-wanke, ina faɗa ina shara.

Wani lokaci kuma sai zuciyata ta ce in nuna masa saƙonnin nan, ya ga babban yatsan. Shekara huɗu ina roƙo. Sai in tuna shayin Haoua, in yi shiru.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan magariba

An gama. Mota goma sha bakwai. Masu fenti sun shafe barandar, an wanke tsakar gida da tiyo. Ban taɓa sanin akwai tayil mai fure a ƙasan falon ba. In na yi tari gidan yana amsa min.

Buraima ya zo sallama. Ya ce gobe suna wani gida a Suwaidi, can ma tsoho ne ya rasu 'ya'ya suna gaggawa. Ya rubuta min lambarsa a kwalin shayi, ya ce ko me ya faru in kira shi, ko ba zai iya kome ba a san inda nake.

Na ce, "Malam Buraima, ka ga abin da ke jikin ƙofar nan."

Ya ce, "Na gani."

"Ni na sa."

Ya gyara hularsa. Ya ce, "Hajiya, shekara nawa kina ɗauke da tsohuwar nan ke kaɗai?" Na gaya masa. Ya girgiza kai. Na jira ya ce ba laifina ba ne, ko ya ce laifina ne. Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya ce zai sa ni a addu'a, ya hau motarsa. Na tsaya a zaure har ƙararta ta ɓace.

Talata, 28 ga Oktoba, da azahar

Sun zo ƙarfe goma, mutum biyu, ɗaya na kamfanin ɗaya na baladiyya, tare da Mansur. Na sa abayata mai kyau. Na tsaya a gindin matakala inda dole su wuce ta gabana. Kalmomin suna nan a kan harshena.

Suka ɗauki hotuna. Suka buga bango da yatsa. Na kamfanin ya ce masha Allah, da kowa zai gyara haka da ba a buƙatar wata doka. Mansur ya yi dariya. Suka hau sama, suka sauko. Na baladiyyan ya kalle ni, sai ya ce, "Akwai ruwa mai sanyi?"

Na kawo ruwa. Suka sha, suka sa hannu a takarda a kan bayan mota, suka tafi. Minti ashirin duka.

Ba wanda ya tambaye ni kome. Zan iya buɗe baki ba tare da an tambaye ni ba, na sani. Ina riƙe da faranti da kofuna uku, na bar su suka fita.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Mansur ya dawo shi kaɗai. Ya ce an sallami Mama, tana gidansa can arewacin gari, sun ɗauko mata mai kula. Wannan gidan za a gyara saman a ba da haya. Ni kuma ya yi min huruj niha'i, fita ba dawowa, jirgi ranar Talata. Ya ce na yi musu hidima, Allah ya saka. Yana maganar yana kallon tayil.

Na ce abu ɗaya nake roƙo, in gan ta.

Ya ce ba za ta gane ni ba, shi kansa jiya ta ce masa direba. Na ce ko ba ta gane ni ba. Sai ya ce Asabar zai turo mota.

Da zai fita ya tsaya a zaure, bayansa yana gare ni, ya ce, "Saƙonninki duk na saurara, Zahra. Kowanne." Ya buɗe ƙofa ya tafi.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da hantsi

Akwati ɗaya ya ɗauke kayana duka, har da sauran wuri.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan magariba

Gidan Mansur fari ne fes, ba ko tsinke a ƙasa. An sa Mama a ɗakin ƙasa, gado da kujera ɗaya kawai. Ta rame. Hannuwanta a naɗe har gwiwar hannu, an ɗora su a kan matashi. An aske mata gefen kai inda wuta ta taɓa.

Mai kula da ita 'yar Uganda ce, babbar mace mai sanyin fuska, sunanta Nuru, watanta biyu a ƙasar. Na same ta tana ba Mama shorba, wato romo, Mama tana kau da kai, shorbar tana zuba a wuyanta. Na karɓi kwanon. Na nuna mata yadda ake fifitawa, yadda ake taɓa cokalin a leɓenta a jira ta buɗe da kanta. Larabcinta kaɗan ne, nawa na kicin ne, amma muka fahimci juna. Na gaya mata a ɓoye ashana. Na gaya mata a ba ta abin da za ta riƙa taɓawa bayan la'asar in hannun ya warke. Na ce ta nemi ranar hutu tun yanzu, ta nace, kada ta ji kunya.

Sannan na ce mata, "In za ki fita, kada ki kulle ta. Ni na kulle ta. Na tafi awa uku. Shi ya sa hannunta."

Ban san ko ta gane duka ba. Ta kalli hannuwan, ta kalle ni, ta dafa kafaɗata ta bar hannunta a wurin.

Duk wannan Mama tana kallon bango. Sai a cokali na shida ko na bakwai ta juyo. Ta ƙura min ido, ta daɗe, goshinta ya tattare.

"Zahra?"

"Na'am, Mama."

"Kin daɗe a baƙala."

Na ce, "E, Mama. Na daɗe. Ki yafe min."

Ta buɗe baki don cokali na gaba. Ta shanye kwanon tas, Nuru ta ce tunda aka kawo ta ba ta taɓa shanyewa ba. Na goge mata baki da wuya, na gyara mata ɗankwali ya rufe wurin askin. Direba ya yi hon a waje sau biyu.

Da na miƙe ta ce, "Ina kuma za ki?"

Na kasa cewa baƙala. Na ce, "Gida zan tafi, Mama. Nijar. 'Yata ta haihu."

Ta gyaɗa kai kamar ta ji. Ta ce, "To. In za ki dawo ki sayo nono, na jiya ya yi tsami."

Na ce to.